Tashoshin bayan ɗigo: wa ya san labarin 26.3 ta Shikago?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, don Allah kada a yi mini dariya. Watanmu takwas ke nan a Shikago. Makon jiya Baban Sadik ya ce ya gaji da bil ɗin kamfanin kebul, kowane wata sai an ɗora wani abu da ba mu san hawa ba ba mu san sauka ba, ya kira su ya ce a yanke. Da yamma ya shigo da wata eriya shafal kamar fallen kalanda, ya manna ta a gilashin taga da salatif, ya soka wayar a bayan talabijin, muka yi sikanin. Ni na ɗauka tasha biyar ko shida za mu samu, sai ga su rututu har na gaji da danna rimot.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne lambobin: 26.1, 26.2, 26.3, haka dai. Ita 26.3 ɗin ba ta nuna komai sai shirye-shiryen kaka da kakanni, wasu ma baƙi da fari, 'yan kaboyi da dawakai da wani lauya mai ƙirar samudawa da kusan kullum shi ke cin shari'a. Surukata tun da ta gano ta ba ta yarda a taɓa rimot, alhali ko "zo in kashe ka" ba ta ji da Turanci. Tambayata: wannan ɗigon mene ne? Kuma ba sata muke yi ba? Kada wata rana a turo mana takarda.

Kawu Mai Tasi:
Wa alaikumussalam. 'Yata kwantar da hankalinki, ba wanda zai turo miki komai. Halal ce tsantsa, iska ce take kawo ta kamar rediyo. Wannan da Hajiya ta liƙe wa sunanta MeTV, kuma haifaffiyar garin nan ce. A gabana aka yanke mata cibi. Ki gaishe da Hajiya, ki ce mata ta samu abokin kallo.

Auta:
Kawu an zo wurin 😂 Yau sai mun ji tarihin kaboyi.

Injiniya:
Hajiya bari in amsa na ɗigon kafin Kawu ya buɗe kundi. A zamanin analog kowace tasha ana ba ta fili mai faɗin megahaz 6 a iska, kuma shiri ɗaya tak filin ke ɗauka. Ranar 12 ga Yuni 2009 manyan tashoshin Amurka suka kashe analog suka koma dijital. Filin bai ƙaru ba, amma yanzu yana ɗaukar kusan megabit 19.4 a daƙiƙa, kuma mai tasha yana da damar yanka shi gunduwa-gunduwa. Babban kaso ya ba uwar tasha, wato 26.1, don hotonta ya fito tangaran. Ragowar ya raba wa ƙananan da ta goya. Duk hasumiya ɗaya ce ke harbo su, lasisi ɗaya, kamfani ɗaya. Ita 26 ɗin sunanta WCIU, na'urarta tana saman Willis Tower, dogon benen nan da tsofaffin gari har gobe suke kira Sears. In tagarki tana kallon tsakiyar gari shi ya sa kike kama su da kyau.

Ni goyo nake ce musu, don in uwar ta faɗi duk sun faɗi tare.

Maman Sadik:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Ashe goyo ne. To amma me ya sa 'ya'yan duk tsofaffi ne?

Kawu Mai Tasi:
Yawwa, nan ne wurina. Auta ka gyara zama.

Ita tasha 26 ta wani kamfani ce na garin nan, Weigel, ba irin manyan nan na New York ko Los Angeles ba. An buɗe ta a watan Fabrairu 1964, ita ce ta farko a Shikago a layin UHF, wato layin tashoshi masu manyan lambobi, lokacin da akwatuna da yawa ma ba sa kama layin. Saboda haka ta rayu ne da abin da manya suka raina: da rana farashin hannun jari, da dare shirye-shiryen Sifaniyanci da na sauran baƙi. A nan wani mai gabatarwa, Don Cornelius, ya fara Soul Train, shirin waƙa da rawa na baƙar fata, a watan Agusta 1970, a wani ɗan ɗaki a benen Board of Trade, kafin ya kwashe ya koma Los Angeles shekara ɗaya bayan haka. Ni da na zo na tarar da ita tana Sifaniyanci da dare. Farkon 1995 Univision, mai kawo musu shirye-shiryen Sifaniyancin, ta koma tasha 66, su kuma suka sake riga suka ce sunansu The U.

To kamfanin yana da wata 'yar tasha mai raunin murya, lamba 23. A watan Janairu 2003 suka ware awa uku a cikinta, daga sha biyun rana zuwa uku, suna saka tsofaffin wasanni, suka raɗa wa awannin suna MeTV. Wani mutuminsu Neal Sabin shi ne uban tafiyar. Daidai lokacin nake dawowa gida daga aikin asuba, in zuba abinci, in miƙe ƙafa. Eriyata irin mai kunnen zomo ce, sai na naɗa mata takardar gwangwani a kai kafin yayyafin ya ragu. Awa uku suka zama bakwai. Ranar 1 ga Janairu 2005 tashar gaba ɗaya ta zama MeTV, dare da rana. Da dijital ta zo sai aka goya ta a bayan 26, hoto ya wanke, kowa ya samu. 15 ga Disamba 2010 suka haɗa kai da kamfanin fim na MGM suka bazu ƙasa baki ɗaya. Yau in kin je wani gari za ki tarar da ita a bayan wata tashar daban da wata lamba daban, amma tukunyar a titin Halsted ake dafa ta.

Tsohuwar zuma ai da ita ake magani.

Malama Ta Evanston:
Kawu Allah ya ƙara girma, tarihinka daidai ne, amma ka yi tsalle a wuri ɗaya, kuma wurin ya shafe mu. Kafin MeTV me tasha 23 take nunawa? Shirye-shiryen baƙin haure. Mutum ya tara kuɗi, ya sayi awa ɗaya ko biyu, ya yi wa mutanensa magana da harshensu. A 2005 da MeTV ta cinye tashar, aka tattara su aka kai su lamba 48. A watan Maris 2008 ita ma 48 ɗin aka mai da ta MeToo, ƙanwar MeTV, wasu tsofaffin wasannin dai. Aka sake tashinsu. Baƙo ya zo da awa uku, ya ƙare da mallake gida da ɗakin baƙi.

Ba ina cewa kamfanin ya yi laifi ba, kasuwanci yake. Amma lokacin da ake tallar dijital abin da aka riƙa kwaɗaita wa jama'a shi ne za a samu wuri ga kowa: labaran unguwa, makarantu, ƙananan al'ummu. Ki danna rimot ɗinki Maman Sadik ki ƙirga nawa ne a cikin na bayan ɗigon ake shirya su a garin nan don mutanen garin nan. Yawancinsu daga tauraron ɗan adam ake sauko da su a tura kawai.

Kawu Mai Tasi:
Malama ai ba korarsu aka yi don ƙiyayya ba. Masu kallo ne suka yi zaɓe da rimot.

Malama Ta Evanston:
Masu talla dai suka yi zaɓe, Kawu.

Injiniya:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, bari in sa lissafi a tsakani. Mai tasha ya wayi gari da fili uku ko huɗu da ba shi da abin zubawa a ciki. Shirya labarai na buƙatar 'yan rahoto, mota, kyamara, albashi. Tsohon wasa kuwa an gama biyan kuɗin yinsa tun shekara hamsin, yana kwance a rumbun kamfanonin fim, haya kawai za a biya. Ga shi an ɗauke shi a ƙaramin allo mai kusurwa huɗu, wani baƙi da fari, ba ya cin megabit da yawa. Sai mai kawo shirin ya ce wa mai tasha: ba ni filinka, in cika maka shi awa 24, mu raba mintunan talla. Wa zai ƙi?

Sannan akwai hukuncin da hukumar FCC, mai kula da rediyo da talabijin a Amurka, ta tabbatar a 2005, cewa kamfanonin kebul uwar tasha kaɗai ya zama dole su ɗauka, ba dole ba ne su ɗauki goyon. Ke nan 'yar tasha in tana son shiga gidajen masu kebul sai ta zama abin da jama'a da yawa ke nema. Wannan shi ya fi kashe masu ƙananan harsuna.

Da aka ga Weigel ta ci riba kowa ya shigo: Tribune ta buɗe Antenna TV ranar 1 ga Janairu 2011, NBC ta kawo Cozi TV. Su kansu Weigel ba su tsaya ba, sai haihuwa suke: Movies! a 2013 tare da Fox, Heroes & Icons a 2014, Start TV a 2018 tare da CBS.

Ɗan Zango:
Salamu alaikum mutanen Shikago, daga Bronx nake leƙowa. Mu ma muna kama ta a nan. Ni abin da ke ba ni dariya tallan ne. Inshorar lafiyar tsofaffi, na'urar ƙara ji, keken guragu mai batir, lauya yana cewa in ka yi hatsari ka kira shi. In ka zauna awa ɗaya sai ka fara jin gwiwarka na ciwo.

Auta:
😂😂 Shi ya sa na ce tashar 'yan fansho ce. Ni ban ga dalilin da mutum zai zauna yana jiran ƙarfe kaza a nuna masa abu ba, ga YouTube a aljihunsa.

Kawu Mai Tasi:
Auta, jiran shi ne daɗin. Ka san ƙarfe kaza ga abu kaza, yau da gobe da jibi, ba ya canzawa. Ba ka zauna kana ta jan allo minti ashirin kana neman abin kallo har abinci ya huce ba. Kuma ranar da intanet ɗinku ta ɗauke saboda guguwa ina ka zo ka ga labarin yanayi? Ba ɗakina ba?

Auta:
Kawu sirri ne fa wannan 🙈

'Yar Damagaram:
Ni dai ina bayan Kawu a abu guda. Mahaifiyata da ta zo jinya ta yi wata biyar a wurina, wannan tashar ce ta riƙe ta. Tana zaune a kan darduma bayan azahar, carbi a hannu, tana yi wa ɗan kaboyi faɗa da Hausa: "Kai ma dai da taurin kai, ba ga shi can bayan dutse ba!" Labarin a fili yake, mugu da baƙar hula, ana magana a hankali, ba tsiraici, ba ashar. Ban taɓa tsalle na ɗauke rimot don kunya ba ina zaune da ita. Ku gaya mini tasha nawa za a faɗi haka a kansu.

Malama Ta Evanston:
Wannan na yarda da shi, Yaya, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai tsabtar baki daban, tsabtar saƙo daban. Amurkar da yawancin wasannin 1950 da 1960 ke nunawa gari ne da kusan ba baƙar fata a cikinsa. The Andy Griffith Show a North Carolina aka kafa labarinsa, jihar da ke da baƙaƙe da yawa, amma ki zauna ki ƙirga fuskokin da suke magana. Na kaboyin kuma ki duba yadda da yawansu ke nuna 'yan asalin ƙasar. Yaro yana kallo yana sha ba tare da ya sani ba. Ni ban hana nawa ba, amma ina zama kusa in riƙa tsoma baki.

Ɗan Zango:
Indiyan daji muke ce musu muna yara a Kumasi, in an harbe su mu yi tafi a silima. Sai da na zo ƙasar nan na san ƙasarsu ce aka ƙwace. Yanzu in na tuna sai in ji kunya.

Kawu Mai Tasi:
Hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa. Amma Malama kada ki manta gidan da kike zargi shi ne ya ba baƙaƙen Shikago fili tun ba a ba su a ko'ina. Kafin Soul Train ma akwai shirin labarai na baƙar fata a tashar, a nan Don Cornelius ya fara aikin talabijin.

Malama Ta Evanston:
Shi ne ai abin da ke ci mini rai, Kawu. Lokacin da take da layi ɗaya tak, mai rauni, ta samu wurin da za ta sa mai Sifaniyanci da baƙar fata da ɗan kasuwar hannun jari. Yanzu da take da layuka birjik, duba abin da ke ciki.

Injiniya:
A yi adalci dai, ba duka ne tsohon kaya daga waje ba. Uwar tashar da 26.2 sun daɗe suna ɗaukar wasannin makarantun sakandare na yankin. Kuma a MeTV ɗin kanta akwai abin da a nan ake yinsa. Maman Sadik, daren Asabar da ƙarfe bakwai kin ga wani mutum da doguwar hula da fenti a fuska yana fitowa daga akwatin gawa?

Maman Sadik:
Innalillahi! Na gan shi! Sadik ya ruga bayan kujera, Hajiya ta ce a kashe wannan shaiɗanin. Har wasu kajin roba ake jifansa da su. Mene ne haka?

Kawu Mai Tasi:
😂 Svengoolie ke nan, ɗan gari ne, Rich Koz sunansa. Ba abin tsoro ba ne, barkwanci ne. Tsohon fim ɗin dodanni yake sakawa, irin wanda kana ganin zip ɗin rigar dodon, ya riƙa katsewa yana yi masa shaƙiyanci. Tun 1979 yake wannan a tasha 32, aka dakatar a 1986, tasha 26 ta dawo da shi daren ƙarshe na 1994. A 2011 MeTV ta fitar da shi ƙasa duka. Ki saurara za ki ji yana tsokanar Berwyn, wata unguwa a yammacin gari, kamar yadda Bakano ke tsokanar Bazazzagi. Mutumin Texas yana dariya bai ma san inda Berwyn take ba. Na sha ɗaukar fasinja daga filin jirgi ya ce in nuna masa hanyar Berwyn don kawai ya ɗauki hoto da allon.

Maman Sadik:
To ni dai ba da ni ba, akwatin gawa ba abin wasa ba ne a wurinmu. Na yara fa, akwai?

'Yar Damagaram:
Akwai. Da safe ranakun aiki suna da Toon In With Me, tun Janairu 2021, tsofaffin katun ne da wani mutum da kifin roba suna gabatarwa. Sannan a watan Yuni 2024 sun buɗe tasha sukutum ta katun, MeTV Toons. Ki sake sikanin ki duba ko ta shigo miki.

Na Gida:
Ina ta karantawa daga Kano ina mamaki. Wai tambaya, wannan ba shi ne irin FreeTV ɗin nan, talabijin ɗin dijital na dikoda da aka ƙaddamar a Jos ba?

Injiniya:
Dangi ne amma ba uwa ɗaya ba. Na Jos ɗin 30 ga Afrilu 2016 aka yi shi. A tsarin Najeriya an raba aiki biyu: mai shirya shiri daban, mai harba sigina daban. Kamfanin harbawa ne ke tara tashoshi da yawa a fili ɗaya, kowace ta zama 'yar haya, ba uwa ba goyo, shi ya sa ba ka ganin ɗigo a dikoda. A Amurka kowace tasha ta riƙe filinta da hasumiyarta, ita ke zaɓar wanda za ta goya. Fasahar ma daban ce, can DVB-T2, nan ATSC. In ka ɗauko talabijin daga nan ka kai Kano ba zai kama iska ba sai da dikoda.

Na Gida:
Ai kuwa wani ɗan uwanmu ya taɓa aiko da ita, ta zama allon kallon ƙwallo da risiba kawai.

Ɗan Zango:
To ni duk maganar Malama ce ta tsaya mini. In da can mutane na sayen awa su yi shiri da harshensu, mu me ya hana mu? Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya a Bronx kaɗai mun isa mu cika awa ɗaya ranar Lahadi. Sanarwar suna, ta'aziyya, wa'azi, yadda ake cike takardun makaranta.

Auta:
Yaya ai duk wannan a WhatsApp ake yi, kyauta, kuma har 'yan gida su gani.

Malama Ta Evanston:
Auta ya faɗi abin da ya ƙarasa kashe kasuwar. Amma akwai bambanci. Abin da ke WhatsApp mu kaɗai muke gani. Wanda ke iska, maƙwabcinka da ke danna rimot zai iya faɗawa kansa ya ce su wane ne waɗannan. Har yanzu akwai ƙananan tashoshi masu rauni da ke sayar da awa a manyan birane. Matsalar ba awa ɗaya ba ce, awa 52 ce a shekara, kowane mako sai an kai sabon abu kuma an biya. Wa zai riƙe asusun?

Admin:
Da na ji an ambaci asusu na farka. Kuɗin hayar zauren Sallah ma har yau mutum tara ba su biya ba, kuma sun san kansu. A gama wannan tukuna kafin a buɗe gidan talabijin.

Kawu Mai Tasi:
Admin nawa yana hanya 😅 Wani abu da na manta, masu mota: ku murɗa rediyo can ƙarshen hagu, 87.7. MeTV FM ce, tun 2015, tsofaffin waƙoƙi. Injiniya ya taɓa ce mini wai ba rediyo ba ce.

Injiniya:
A takarda tashar talabijin ce mai lamba 6. Muryar tasha 6 a tsohon tsari tana zaune a 87.75, dab da bakin layin FM, shi ya sa rediyon mota ke kama ta. Dabara ce kawai aka yi da lasisin.

Maman Sadik:
Jama'a na gode, na ƙaru sosai. Amma ga sabuwa: tun ɗazu da aka fara ruwa hoton ke daskarewa, fuskar lauyan ta farfashe ta zama 'yan murabba'ai, sai allo ya yi baƙi ya ce babu sigina. Hajiya ta ce ni na taɓa wani abu.

Injiniya:
Ba ke ba ce. Haka dijital take, ba ta dishi-dishi irin ta da, ko ta zo gaba ɗaya ko ta ɗauke gaba ɗaya. Ki duba ko salatif ɗin ya saki eriyar ta zame. Ki ɗaga ta sama iya tsawon hannunki, a tagar da ke kallon dogayen benaye, nesa da ragar ƙarfe in tagar na da ita. In kin matsar da ita ki sake sikanin.

Maman Sadik:
Ta zame kuwa, tana bayan hita. Na ɗora Sadik a kujera ya riƙe ta sama, hoto ya dawo. Yanzu Hajiya ta ce kada ya motsa sai an yanke hukunci.

Kawu Mai Tasi:
Ki ce wa Hajiya ta sauke yaron nan, ba wanda ake tuhuma ba ne ya yi kisan. Na ga wannan sau huɗu.